Ƙaba: daga askar wanzami zuwa tiyatar kyamara

Wanzamin ƙasar Hausa ya yi kaciya, ya yi ƙaho, ya cire beli, amma buɗe ciki ba aikin askarsa ba ne. Shi ya sa a da mai ƙaba sai dai ya sha sassaƙe, ya faɗaɗa wando, ya ɓoye gwaiwarsa don kunya, har ranar da hanji zai shaƙe ya yi ajalinsa. Gyara na haƙiƙa daga Padua ta Italiya ya fito, inda Edoardo Bassini ya bayyana salon ɗinkinsa a 1887, kafin Lichtenstein ya yaɗa toshe wurin da raga a Amurka a 1989. Asibitin Barau Dikko na Kaduna ma, da mutumin Malali ke zuwa a yau, Turawan mulki ne suka fara gina shi don kansu. Da ƙofar ta buɗe wa talaka, abin da ya ceci rayuka shi ne a yi aikin kafin hanji ya shaƙe. Girman tabo bai taɓa zama damuwar ba.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna tiyatar kyamara, wadda ta yaɗu a farkon shekarun 1990, inda ake huda ƙofofi uku, a hura ciki da iska, a shimfiɗa raga ta ciki. Alherinta a fili yake: zafi kaɗan ne, mutum kan koma sana'a da wuri. Sai dai tana bukatar a sumar da majiyyaci gaba ɗaya da wutar da ba ta ɗaukewa, kuma kuskure, ko da ba kasafai ba, kan taɓa mafitsara, hanji ko jijiyar jini. Wani bincike kan tsofaffin sojojin Amurka a 2004 ya gano ƙabar ta dawo wa kusan 10 cikin 100 bayan aikin kyamara, ga kusan 5 bayan yanka. Tazarar ta ɓace ne a hannun likitocin da suka yi aikin fiye da sau 250.

Za a ce wannan hana talaka cigaba ne. A'a. Mai ƙaba gefe biyu, ko wanda tasa ta dawo bayan yanka, kyamara ta fi masa, kuma wajibi ne asibitocin koyarwa na Kaduna da Shika su horar da masu yin ta. Amma ɗan dako da ya shekara goma yana ɗauke da gwaiwa, yanka da raga da allurar kashe zafi sun fi dacewa da jikinsa da aljihunsa. Wanda ya ga kumburi a matsematsinsa, ya je asibiti tun yana komawa ciki in ya kwanta.