Gyaran ƙafar tsohuwar jif

Gyaran ƙafar mota shi ne dubawa da canza sassan da ke haɗa jikin mota da tayoyinta, musamman shokozoba, bushin da kayan sitiyari. Makanikai suna kiran waɗannan sassa "ƙafa" a dunƙule. Aikin ya fi yawa a tsofaffin motocin jif, saboda nauyinsu da irin hanyoyin da suke bi. Sassan ƙafa a hankali suke cinyewa, don haka direba yakan saba da lalacewarsu har ya daina lura, sai ranar da ya taka birki da ƙarfi ko ya kauce wa rami a guje.

Aikin shokozoba

Shokozoba ba ita ke ɗaukar nauyin mota ba. Wannan aikin sifirin ne. Aikinta shi ne hana sifirin ci gaba da lilo bayan an taka rami. A cikinta akwai fistin da ke tura mai ta ƙananan ƙofofi, abin da ke mayar da ƙarfin girgiza zuwa zafi. A wasu nau'o'in ana ƙara iskar naitirojin don kada man ya yi kumfa. Idan shokozoba ta mutu, taya takan riƙa tsalle maimakon ta manne da ƙasa, sai nisan tsayawa ya ƙaru, motar kuma ta riƙa karkata a kwana. Wannan ya fi haɗari ga jif saboda tsayinta daga ƙasa. Kamfanonin Monroe da KYB suna ba da shawarar canji a wajen kilomita 80,000, amma hanya mai gargada da yawan lodi suna rage wannan adadi.

Kayan sitiyari

Tsarin sitiyari ya danganta da ƙirar motar. Toyota Land Cruiser 80, wadda aka ƙera a Japan daga 1990 zuwa 1997, tana da ƙarfen gaba guda ɗaya da ya haɗa tayoyin biyu. Akwatin sitiyarinta yana tura wani dogon ƙarfe zuwa taya ɗaya, tayarod kuma ya kai motsin ga ɗayar. Land Cruiser 100, da ta fito a 1998, ta koma tsarin da kowace tayar gaba ke motsi ita kaɗai, da sitiyari mai rak. A kowane tsari, mahaɗar da ke bakin tayarod ita ce takan fara lalacewa. Da zarar robar da ta rufe ta ta yage, giris ya zube, ƙura ta shiga ta cinye ƙarfen.

Alamomin lalacewa

Daga cikin alamomin akwai mai da ke gangarowa a jikin shokozoba, gaban mota da ke dulmiya idan an taka birki, ƙara idan an hau gargada, sitiyari mai wasa, da taya mai cinyewa ta gefe guda ko tabo-tabo. A motoci irin Land Cruiser 80, girgizar sitiyari mai tsanani bayan taka rami takan samo asali daga bushin ko boris ɗin gwiwar gaba da suka yi sako-sako. Canza ƙaramar shokozobar sitiyari kaɗai yana ɓoye wannan matsala ne, ba ya magance ta.

Yadda ake canzawa

Ana fara wa da bincike. A ɗaga motar, a ɗora ta a kan matokarai na ƙarfe, domin jak kaɗai ba abin dogaro ba ne. Sai a girgiza tayar hagu da dama don gano wasan tayarod, sannan sama da ƙasa don gano na boljoyin ko boris.

Shokozoba biyu-biyu ake canzawa, na gaba tare ko na baya tare, don kada ɓangare ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. Wajen cire bakin tayarod, makanike yakan ƙirga zagayen da ya warware don ya mayar da sabon daidai wurin, ya kuma sa sabon fil a notin. Notunan bushin ba a gama ɗaure su sai an sauke motar nauyinta ya hau tayoyi. In ba haka ba robar takan murɗe ta tsage da wuri. Aikin ƙarshe shi ne alaimen, wato daidaita tsayuwar tayoyi. Idan aka tsallake shi, sababbin tayoyi ma ba za su daɗe ba.

Kayan gyara

A arewacin Najeriya ana samun waɗannan sassa a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, sababbi da kuma na hannu da ake kira Beljiyam. Na hannu sun fi sauƙin kuɗi, sai dai ba a iya gane sauran ƙarfin shokozoba da ido. Bakin tayarod da boljoyin kuwa, idan suka ɓalle ana cikin tafiya, sitiyari ba ya ƙara juya tayar.