Ɗalibi Amanar Gari Ne a Damagaram

Tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ɗalibin ilimi a Zindar amanar gari ne. Malami yana karantar da shi a zaure, gidajen unguwannin Birni da Zango suna ciyar da shi, fada kuma tana yi wa malamai alheri. Da Faransawa suka kama garin a 1899 suka kawo lakwal, wato makarantar boko, nauyin ya fara komawa kan hukuma, har aka kai ga kafa jami'ar Zindar a 2010. Don haka ciyar da ɗalibi da tsare lafiyarsa tsohon aikin masu mulki ne.

Wasu za su ce tarbiyya ta iyaye ce, kuma baitulmali ba ya da ƙarfi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai iyaye ba su ke gina aji ba. A Nuwamba 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Yaron da ke cikin yunwa da fargaba karatu ba ya zama a kansa, shi ya sa ginin aji mai ƙwari da abincin rana suke cikin kuɗin ilimi.