Randar da Ta Fi Ƙarfin Tarayyar Sobiyat

Yau Jojiya muka nufa, ƙasar da ke kudu da Rasha, a tsaunukan Kokasus.

A 2017 masu binciken tarihi suka sanar cewa sun gano ragowar giyar inabi a jikin tsofaffin tukwanen ƙasa a kudancin Tbilisi, masu kimanin shekara 8,000. Har yau iyalai a yankin Kakheti suna bin wannan hanyar. Idan kaka ta yi, gida kaf ake fita tsinkar inabi, musamman baƙin nan mai suna Saperavi. A matse shi, a zuba ruwan da ɓawon cikin wata ƙatuwar randa da aka binne a ƙasa, wadda suke kira ƙebri. Ɓawon yana ƙara masa jan launi, ƙasa kuma ta riƙe masa sanyi har ya tsumu.

To, da Sobiyat ta mamaye ƙasar a 1921, sai gwamnati ta karɓe gonaki, ta kafa manyan masana'antu. Yawa ake nema, irin inabi kaɗan ake shukawa. Sana'ar ta kusa ɓata. Wa ya riƙe ta? Iyalan ƙauye, da 'yan randunansu a bayan gida.

A 2006 Rasha ta hana shigo da giyar Jojiya, dole suka nemi kasuwa a Turai. Can ne aikin randar ya yi daraja. A 2013 UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da ake karewa.

Ku duba fa: abin da hukuma ta raina a matsayin aikin ƙauye, shi ƙasar ke taƙama da shi yanzu.