Wasan Yara a Farantin Jan Ƙarfe: Abin Lura ga Malaman Ƙasar Katsina

A shekarar 1657 aka buga wani littafi a birnin Faris wanda ya tattara zane kamar 50 na wasannin yara. Jacques Stella ne ya zana su, 'yar ƙanwarsa kuwa, Claudine Bouzonnet-Stella, wadda aka haifa a 1636, ita ta sassaƙa su. Yadda ake aikin shi ne, a karce siffar a farantin jan ƙarfe, a shafa tawada ta shiga cikin karcen, a goge saura, sa'an nan a danne takarda mai laima a kai. Da faranti guda ana iya fitar da ɗaruruwa. Saboda haka har yau mai bincike yana ganin yadda yaran Faransa suke yin lilo, da juya katantanwa, da wasan ɗaure ido. Amma fa a lura, tsirara aka zana yaran, irin na gumakan Rumawan dā, watau wasan gaskiya ne, siffar masu yinsa kuwa ado ce.

A ƙasar Hausa baki ne ya riƙe wannan tarihi. Ko da aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, aikin ɗab'i ya fi karkata ga jarida da littattafan yaƙi da jahilci. Shaida mafi ƙarfi da muke da ita ta magana ce, kamar labarin ƙuruciya da Baba ta Karo ta ba Mary Smith a Giwa, aka buga a 1954. To, magana tana adana waƙa, amma ba ta nuna yadda ɗan langa yake riƙe ƙafarsa, ko yadda 'yan mata suke jeruwa a gaɗa.

Ƙasar Yandaka da ta Maraɗi, watau Dutsin-Ma da Kurfi, akwai dattawan da suka taso a dandali. Akwai kuma Kwalejin Isa Kaita, da jami'ar tarayya da aka kafa a 2011. Ya kamata ɗaliban Hausa da na zane su haɗu, wannan ya rubuta waƙa da ƙa'idar wasa, wancan ya zana tsayuwa da motsi kamar yadda suke, ba ƙari, a kuma sa sunan gari da shekara, tun masu sanin suna raye.