Sunayen Ginin Masallaci da Abin da Suke Nunawa

Masana tarihi sun ce in ana so a san inda wata sana'a ta fito, sai a dubi sunayen kayanta. A Ingila, bayan da mutanen Normandi suka ci ƙasar a shekarar 1066, yawancin kalmomin ginin manyan majami'u daga Faransanci aka aro su, domin shugabannin majami'u da gwanayen magina da yawa daga can suka ƙetaro. Har da majami'ar Kantabari ta yi gobara a 1174, wani magini Bafaranshe aka ɗauko ya gyara ta.

A ƙasar Hausa kuwa sunayen ginin masallaci kashi biyu ne. Kashi na fari daga Larabci ya zo tare da addini, watau irin su mihrabi, da mumbari, da ƙubba, da hasumiya, kamar ta Gobarau a Katsina, wadda ake danganta asalinta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Waɗannan malamai suka kawo su.

Kashi na biyu na magina ne. Da tubali ake ta da bango. Azara ita ce itacen giginya da aka tsaga, wadda gara ba ta cika ci ba. Amma azara guda ba ta ɗaukar nauyin rufi in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa 6. Saboda haka magina suka yi dabara: su kafa azara cikin bango, su ɗaura wata bisa wata, kowace tana ɗan zarce 'yar'uwarta, har na wannan gefe su sadu da na wancan, sa'an nan a lulluɓe da ƙasa. Wannan shi ne bakan gizo. In bakuna suka gitta juna a tsakiya, sai a ce ɗaurin guga, don ya yi kama da yadda ake ɗaure bakin gugar rijiya. Rufin da ya tashi bisansu shi ne tulluwa. A shafe shi da laso, watau katsin marina haɗe da gashin akuya da dafara, a sa indararo don ruwa ya sauka nesa da bango. Tun da sunayen daga rijiya da marina da sararin sama aka ɗebo su, ashe aikin ma a nan ƙasar ya girma.

Inda wannan fasaha ta kai matuƙa shi ne Masallacin Jumma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A watan Agusta na 2023 wani sashe nasa ya rufta ana cikin salla, mutane suka rasu, Allah ya jiƙansu.

Yanzu a Ɗandume da Funtuwa da Malumfashi bulo da siminti da kwano sun maye gurbin tubali da azara. Kalmomin Larabci suna nan daram, gama kowane sabon masallaci yana da mihrabi. Na magina su ne cikin haɗari, don suna ba ya daɗewa bayan abin da ake kira da shi ya ɓace. Ya kamata malaman makaranta su zauna da tsofaffin magina, su rubuta kowace kalma tare da yadda ake aikinta, tun masu sani suna da rai.