Garkar Bayan Ɗaki a Illela: Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1978 waɗansu mutanen Ostireliya biyu, Bill Mollison da David Holmgren, suka buga littafi a kan wani tsarin noma da suka raɗa wa suna famakalca. Manufarsa ita ce a shirya ɗan fili yadda itatuwa da ganyaye da dabbobi za su riƙa ciyar da juna, kada kome ya tafi a banza. Yau ana kawo mana shi kamar baƙon ilmi. Abin da nake so in nuna a wannan takarda shi ne, magidantan Illela sun daɗe da saninsa, sai dai ba su ba shi suna ba.

Illela tana arewa da Sakkwato, daf da Birnin Ƙonni. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta bar Ƙonni a hannun Ingilishi, sa'an nan ta 1904 da ta 1906 suka mai da ita wajen Faransawa. Iyaka ta raba masu mulki, amma ba ta raba miya ba. Har yanzu guro da sure, watau abin da Kanawa ke kira kuɓewa da yakuwa, sunansu ɗaya ne a ɓangarorin nan biyu, kuma iri yana ƙetarewa a ƙullin zanen mata ba tare da takarda ba.

Harshe kansa shaida ne. Bahaushe ya bambanta gandu da gayauna, ya bambanta lambun fadama, inda ake ban ruwa da jigo, da 'yar garkar da ke jikin gida. Al'umma ba ta ɓata kalmomi a kan abin da ba ta yi.

Tsarin kuwa ga shi. Zogale a jikin darni, ya zama shinge ya zama abinci. Kabewa da duma su hau danga ko rufin ɗaki, ba su ci fili ba. Inda ruwan wanke-wanke ke kwarara, nan ake zuba irin barkono da lalo. Toka da kashin awaki su koma gindin shuka, harawa ta koma wa awaki. Damina a wannan yanki ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, saboda haka rabin hikimar tana wajen shanya ne: busasshen guro da garin kuka su ke riƙe tukunya har bazara. Yawancin aikin nan na mata ne, watakila shi ya sa marubuta tarihi, waɗanda hankalinsu ke kan gyaɗa da auduga da haraji, suka tsallake shi.

Amma fa kada mu yi wa jiya ado. Garka ba ta taɓa ciyar da gida ita kaɗai ba. Mahaɗin tuwo take bayarwa, hatsi daga gona yake zuwa. Farin 1973 da na 1984 sun nuna iyakarta, kuma Tafkin Kalmalo, wanda masu lambun wajen suka dogara da shi, ya sha ƙafewa. Dogon yaro, ɗan asalin Indiya da aka yaɗa zamanin Turawa, ya ba da inuwa, amma ya tsaya a gurbin da kuka ko tsamiya za ta tsaya, ba a kuwa yin miya da shi. Daga baya siminti ya malale tsakar gida, kasuwa ta ɗaga kuɗin fili, inda dā aka shuka sure aka gina shago.

Malaman kwalejojin horon malamai da ke shirin kafa lambun makaranta, kafin su buɗe littafin Ostireliya, ya kamata su tura ɗalibai wajen tsofaffin matan garin, su rubuto sunan kowace shuka da inda ake sa ta da dalili.