Jalaluddin: laƙabin da ya zama sunan yanka

Jalaluddin suna ne na maza da ake samu daga Masar har Indunisiya. Kalmomin Larabci biyu aka haɗa, jalal da ad-din, ma'anarsa girman addini ko kwarjininsa. A farkon lamari laƙabi ne na girmamawa da ake ɗora wa mutum bayan ya girma, a kan sunan da mahaifinsa ya raɗa masa. Shi ya sa yawancin fitattun mutanen da tarihi ya sani da Jalaluddin suna da wani sunan na asali, Muhammadu ko Abdurrahman ko Firuz, wanda laƙabin ya danne.

Tsarin sunan Balarabe na da yana da sassa: sunan yanka, da alkunya irin su Abu wane, da jerin nasaba, da danganta mutum ga gari ko ƙabila ko sana'a, sai kuma laƙabi. Halifofin Abbasiyya su suka mayar da laƙabi abin mulki, kowane halifa da nasa, Mansur da Mahadi da Rashid. Da ƙarfinsu ya ragu a ƙarni na 10, sai laƙabi ya zama abin da suke rabawa ga shugabannin yaƙin da suka riƙe iko a hannu. A 945, lokacin da Banu Buwaihi suka shiga Bagadaza, halifa ya ba 'yan'uwa uku da ke jagorantarsu laƙuban Mu'izzud Daula da Imadud Daula da Ruknud Daula. Abin ya yi kama da naɗin sarauta, domin akan haɗa da tufafin girma da takardar fada. Cikin wannan zubi aka sami Jalalud Daula, wani sarkin Buwaihi da ya mulki Bagadaza a ƙarni na 11, haka ma Malik Shah na Saljuƙawa ya ɗauki laƙabin, kuma daga gare shi kalandar Jalali ta 1079 ta sami sunanta.

Laƙuban da ke ƙarewa da "addini" sun biyo baya, suka bazu a zamanin Saljuƙawa, har suka rinjayi na "daula". Ba kowa ya ji daɗin haka ba. Biruni ya koka da yadda laƙabi ya yi arha, waziri Nizamul Mulk ma ya ware babi a littafinsa Siyasat Nama yana neman a tsare kowane laƙabi ga waɗanda suka cancance shi. Malamai kuwa ta wata fuska suka duba, wato tsoron yabon kai. An ruwaito cewa Imam Nawawi ba ya son a kira shi Muhyiddin, Ibnul Hajj kuma ya soki al'adar a cikin Madkhal, littafin da malaman jihadin Sakkwato suka yawaita kafa hujja da shi. Sukan bai tsayar da komai ba. A Masar ta zamanin Mamluk kusan kowane malami da alƙali da magatakarda yana da irin wannan laƙabi, har ya zama akwai wanda aka saba haɗawa da kowane suna: Ahmad da Shihabuddin, Ibrahim da Burhanuddin, Umar da Sirajuddin, Yusuf da Jamaluddin.

Cikin sarakunan da suka ɗauki laƙabin, wanda ya fi shan wuya shi ne Jalaluddin Mangubarni, sarkin Khawarizm na ƙarshe. Ya gaji daular da rundunar Jangis Khan ta riga ta ragargaza. A 1221 ya karya sojojin Mongol a Parwan, cikin Afganistan ta yau, nasarar da ba kasafai ake samu a kansu ba a wancan lokaci. A shekarar ce dai Jangis Khan da kansa ya rutsa shi a bakin kogin Sindu, sai ya faɗa ruwa da dokinsa ya tsallake zuwa Indiya. Abin takaici, shekarun da suka rage masa ya ƙarar da yawancinsu yana faɗa da maƙwabta, ya ci Tiflis a 1226, ya far wa garuruwan Musulmi 'yan'uwansa, har sarakunan Saljuƙawan Rum da Ayyubawa suka haɗu suka karya shi a 1230. An kashe shi a 1231 yana gudun hijira a duwatsun yankin Diyarbakir.

A Indiya, Jalaluddin Firuz Khalji ya hau gadon Delhi a 1290 yana dattijo, ɗan ɗan'uwansa Ala'uddin ya kashe shi a 1296. Mafi girma cikin sarakunan da suka ɗauki laƙabin shi ne Jalaluddin Muhammad Akbar, sarkin Mughal na uku, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605. Ya soke jiziya a kan Hindu, ya gina zauren muhawara tsakanin malaman addinai a Fatehpur Sikri, abin da ya jawo masa zargi mai tsanani daga malaman zamaninsa. Sunan birnin Jalalabad na Afganistan ana danganta shi da shi.

Duniya a yau ta fi sanin Jalaluddin Rumi. Sunansa Muhammadu, an haife shi a 1207 a yankin Balkh, iyalinsa suka yi ƙaura zuwa yamma har suka zauna a Konya, inda ya rasu a 1273. Ya bar Masnawi, waƙar sufanci da Farisanci mai juzu'i shida. Mutanen da suka kewaye shi kaɗai sun isa su nuna yadda irin wannan laƙabi ya game ko'ina a ƙarni na 13: mahaifinsa Baha'uddin, malaminsa Burhanuddin, amininsa Shamsuddin na Tabriz, almajirinsa Husamuddin wanda ya riƙa rubuta baitocin Masnawi daga bakinsa.

Amma ga almajirin ilimi a Kano ko Damagaram, sunan ya fi zuwa ne ta hanyar littafi, wato Tafsirul Jalalaini, tafsirin Jalalu biyu. Na farko shi ne Jalaluddin Mahalli, malamin fiƙihun Shafi'iyya a Alƙahira. Ya fara daga Suratul Kahfi ya kai Nasi, ya koma ya yi Fatiha, sai ajali ya riske shi a 1459. Bayan wasu shekaru Jalaluddin Suyuɗi, wanda sunansa Abdurrahman ɗan Abubakar, ya ɗauki aikin daga Baƙara zuwa Isra'i, ya kammala cikin kwana 40 bai wuce shekara 22 ba. Ya bi salon Mahalli sau da ƙafa, ta yadda mai karatu da wuya ya gane inda hannu ya sauya. Wannan tarihi ne ya sa a bugu da yawa ake samun tafsirin Fatiha a ƙarshen littafin. Gajartarsa ita ce ƙarfinsa. Kalma ɗaya ko biyu yake sakawa tsakanin kalmomin aya, don haka ya dace da malamin da ke fassara wa jama'a da baki, kuma har yau shi ne littafin da ake buɗewa a yawancin majalisun tafsirin watan azumi a ƙasar Hausa.

Alaƙar Suyuɗi da wannan yanki ta wuce littafi. Alhazan Takrur, wato ƙasashen Yammacin Afirka, sukan yada zango a Alƙahira su yi karatu a wurinsa, Askiya Muhammadu na Songhai ma ya gana da shi a tafiyarsa ta hajji wajen 1497. Ya rubuta wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasashen nan, ya ambaci Sarkin Agadas da Sarkin Katsina Ibrahim, yana kiransu ga adalci da tsayawa kan shari'a. Ya rasu a 1505 a tsibirin Rauda, inda ya keɓe kansa a ƙarshen rayuwarsa, ya bar littattafai ɗaruruwa, cikinsu har da Itƙan da Jami'us Sagir.

Bayan da fadodin da ke ba da laƙabi suka shuɗe, iyaye suka ci gaba da raɗa Jalaluddin ranar suna, don neman albarkar magabata. Turkawa suna rubuta shi Celaleddin, suna taƙaita shi zuwa Celal, kamar Celal Bayar, shugaban Turkiyya daga 1950 zuwa 1960. A ƙasar Hausa 'yan'uwansa sun fi shi yawa: Nura daga Nuruddin, Shamsu daga Shamsuddin, Kamalu daga Kamaluddin, Sirajo daga Sirajuddin. Jalalu akwai shi, sai dai bai kai waɗannan yaɗuwa ba.